Buhun irin da na rubuta wa "lafiyayye"

Shekarun baya, ina noma waken soya a gonar da muka gada a gindin dutsen Kufena. Mahaifina ya bar mini al'ada: kowace kaka in zaɓi iri daga shuka mafi kyau, in rubuta sunansa da ajami a jikin buhu, in raba wa manoman ƙauyen da ke kusa. Gida biyar suke shuka abin da na ba su ba tare da tambaya ba.

A wata shekara ruwan Agusta ya zo da sanyi. Shukar fari ta fito da ɗigo-ɗigo a ganye, kowane ɗigo da rawaya kewaye da shi. Wadda na shuka daga baya kuwa ta girma cikin rana, ɗigonta ƙanana, babu rawaya. Na ce alhamdu lillahi, ga iri. Na cika buhu da irinta, na rubuta "lafiyayye", har da ƙawata harafin ƙarshe.

Sai 'yar yayana, wadda ke binciken cututtukan tsirrai a jami'a, ta zo gaisuwa cikin birni. Na nuna mata busassun ganyen da na ajiye, ina jiran yabo. Ta ɗauka, bayan mako biyu ta dawo.

"Baba, ƙwayar cuta ɗaya ce a duka biyun."

"To ina rawayar, Malama?"

"Rawayar dafi ce da ƙwayar ke fitarwa. Yadda za ta haɗa dafin rubuce yake cikin halittarta, ta gada ne. Amma ba ta cika buɗe wannan shafin ba sai ta ji sanyi. Taka ta biyu rana ce ta rufa mata asiri, kuma ciwon yana bin iri."

Wannan na gane shi sarai. Littattafan kakana sun yi shekaru a rufe cikin gafaka, ba harafin da ya ɓace.

Da safe na hau keke na bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, ina cewa bana babu iri daga wajena, ina faɗa musu abin da 'yar yayana ta gano. Abokina, babba a cikinsu, ya yi dariya har da tafa hannu.

"Malam, yarinyar da ka koya wa alifun ce yau take maka gyara?"

"Ita ce. Kuma ta yi daidai."

Suka nemo iri a wani wuri, gonakinsu suka yi kyau. Nawa buhun mai ɗakina ta mayar da shi awara, muka ci har makwabta suka fara gudun sallamarmu.

Har yau ina rabon iri, amma sai ganye ya je wajen 'yar yayana ya dawo kafin in ɗauki alƙalami. Buhun yana nan a zaure, ban goge rubutun ba. Hannuna ne, kuma ya yi kyau.