Baba Ishaƙa ya cire robar don ku bar shi ya yi salla

Da safen nan Halima ta kira ni tana kuka. Mahaifinta, Baba Ishaƙa, ya rasu.

Baba Ishaƙa tela. Duk ɗalibin da ya zauna a unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira ya san shagonsa, wanda ke ƙarƙashin bene kusa da mai sayar da ful, dafaffen waken Masar. Bahaushen Sudan ne, bai taɓa taka Najeriya ba, amma da ya ji Hausa a titi sai ya bar keken ɗinki ya leƙo.

Shekarar da na zo, sanyin Alƙahira ya kusa mayar da ni gida. Shi ya rage mini hannun tsohuwar kwat ɗinsa, ya ce, "Sa, ɗana. Ilimi ba ya shiga jikin da ke rawa."

Shi ya koya mini yadda ake tsayar da mikrobas, ƙaramar motar haya, da hannu. Shi ya fara ba ni shayi da na'ana'a.

Yanzu na buɗe waya, ko'ina hotonsa. "Mun yi rashin uba." Har da alamar hawaye.

To bari in tuna muku, tunda kun manta.

Watannin baya fitsari ya tsaya masa cak. Mara ta kumbura, yana jin matsi, ba ya fita. A asibiti likita ya danna cikin, aka yi sikanin, aka ce furostet ce, wata tsoka a ƙasan mafitsara da ke girma wa maza idan shekaru suka ja, har ta matse hanya. Aka sa masa roba da jaka ɗaure a ƙafa, aka ba shi magani, aka ce kada ya cire kafin tiyata, in ba haka ba fitsarin zai koma ya taɓa ƙoda.

Ya dawo yana dariya. "Tamam, na huta," in ji shi.

Sai ya je ƙaramin masallacinmu na layi, sahun farko, inda yake tsayawa tun kafin a haifi wasunku.

Ɗaya daga cikinku ya ga jakar a ƙasan jallabiya. Bayan sallama ya miƙe da Larabcinsa mai ƙamshi, ya ce mai ɗauke da najasa bai kamata ya haɗa kafaɗa da jama'a ba. Wallahi tare muka karanta babin mai lalurar fitsari, ka san sarai an yi masa uzuri. Na faɗa maka a wurin, ka ce in bar maganar ga manya. Gemu kawai kake so a gani.

Washegari na kusa da shi ya ja jiki. Wani ya fesa turare a inda ya yi sujada, a gaban idonsa. Wani ya raɗa masa suna "Baba mai jaka", kuka kwashe da dariya a bakin ƙofa, kuna zaton kunnen tsoho ba ya ji.

Yana ji.

Ya koma sahun baya. Daga nan wajen takalma. Daga nan ya daina zuwa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, ranar Juma'a ce. Na shiga na gan shi a sahun farko, yana zufa cikin sanyi, hannu dafe da mara. Ya ja ni ya raɗa mini, "Khalas, shi ke nan, na sa an cire robar. Yanzu ni ma mutum ne."

Na ce, "Baba, fitsarin yana fita?"

Ya ce, "Kaɗan-kaɗan. Na rage shan ruwa. Ma'alish, yi haƙuri ɗana, bar ni in yi sallata."

Ranar kun gaishe shi. Har da "Baba ya jiki, mun yi kewarka." Ba wanda ya matsa.

Na kira Halima daga bakin masallaci. Ta yi rarrashi, ta yi faɗa, ya ce ba za a mayar masa ba. Sai da ƙafafu suka kumbura, ya fara amai yana sambatu, sannan aka iya ɗaukarsa. Likita ya ce ƙodar ta riga ta tafi.

Ajali ne, na sani. Kada wanda ya rubuta mini haka a ƙasa. Ina jin haushinku, kuma yau ba zan ɓoye ba.

In kuna da dattijon da fitsari ke masa gardama, ku kai shi asibiti da wuri. In an sa masa roba, ku matsa masa wuri kusa da ku, ku riƙe bakinku.

Ana sallarsa bayan la'asar a masallacin nan dai. Ku zo. Mai turare, ka zo da turarenka. Za a ajiye Baba a gaban liman ma, ku kuna baya, sai in ga wanda zai ce ya matsa.

Allah ka jiƙan Baba Ishaƙa, ka wanke shi, ka ba Halima haƙuri, ka tsayar da shi a sahun da ba a korar kowa.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.