Firjin da Abba ya zaɓa

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Umma: ni ce na lalata tsohon firjin motarmu. Shi ne ya fara faɗo mini a rai ranar da Kawu Lawan, ƙanen Umma, ya shigo gidanmu na unguwar Al Qusais, a nan ƙasar Larabawa, bayan la'asar ko takalmi bai cire ba. Ya ce Abba ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa na kasuwar Murshid Bazaar, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Umma ta sulale ta zauna a ƙasa. Ni ko kuka na kasa.

Ina da ciwon sukari tun ina shekara tara, kuma allurata ba ta son zafi. In ta ɗumama ta tashi daga aiki. Saboda ni Abba ya sayi tsohuwar motar nan mai gado da kicin a ciki, don in an fita bayan gari lokacin sanyi kada a bar ni a gida.

Wata Juma'a na so ƙanƙarar da zan sa a zoɓo, na ɗauki wuƙa ina kankare cikin firjin. Sai na ji fuuu, iska tana fita, ashe na huda shi. Abba ya shigo ya same ni da wuƙar a hannu. Ya karɓa, ya wanke, ya mayar da ita wurinta, ya kwashe allurata ya zuba a fulas. Abin da kawai ya ce wa Umma shi ne, "Hajiya, firjin nan dama ya gaji." Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah.

Da za a sayi sabo ni ya ɗauka, don na fi shi karanta Turanci. Ya auna gurbin da tef, ya rubuta awon a tafin hannunsa. Mai shagon ya nuna wani ƙato yana cewa, "Yalla habibi, zo abokina, wannan ne naka." Abba ya yi murmushi ya ce, "Shwaiya shwaiya," wato sannu-sannu. Ya juyo gare ni. "Uwata, ƙirga mini taurarin jikin takardar nan masu nuna tsimin wuta, ki karanto mini wutar da yake sha." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kira na haka. Na karanta a hankali a gaban mutane, ya jira har na gama. Ya kara kunne a jikin kowane firji yana sauraro. Yakan ce, "Kowa sanyin firji yake tambaya, ni cinsa nake tambaya." A ƙarshe ya zaɓi wani ƙarami mai aiki da batir, wanda farantin sola ɗaya ke riƙe shi. Na ce, "Abba, ai ya yi kaɗan." Ya ce, "Ba na nama ba ne, Uwata. Naki ne."

Bai samu ya ɗaura shi ba. Yana nan a kwalinsa bayan ƙofa.

Zamanmu a ƙasar nan a kan bizar Abba yake, don haka Kano za mu koma. A unguwar kakarmu sai a kwana biyu ba a kawo wuta ba. Duk lokacin da na tuna haka sai allurata ta faɗo mini a rai. Kawu ya ce za a sayar da motar, a haɗa wa mai saye da sabon firjin. Ina wurin ya faɗa.

Ya Allah ka jiƙan Abba, ka rufa masa asiri yadda ya rufa mini, ka sanyaya makwancinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Umma haƙuri, ka tsare mu a inda za mu.

Jiya da safe na ɗauko baƙar makar da Abba ke rubuta wa kayan da yake turawa gida alama. Na rubuta sunana da Kano a gefe huɗu na kwalin, yadda na ga yana yi, na tura shi cikin kayanmu da za a loda.