Ranar da Baba Ya Rantse Shi Ya Haife Ni

Shekarun baya, can ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da tikitin jirgi ɗan littafi ne mai shafuka da jan kabon a bayansa, ina cikin 'yan Kanon da suka fara zuwa Guangzhou sayen kaya. Ba mu da yawa a lokacin. In ka ji Hausa a titin Dengfeng sai ka waiwaya, kuma da wuya ku rabu ba ku ci abinci tare ba. Ni takalma da jakunkunan mata nake saye, in loda a kwantena, in koma gida in jira su.

A nan na haɗu da abokina, mutumin zangon Kumasi, mai ɗan ofishin tura kaya a benen Tianxiu. Ya girme ni, ya kuma riga ni sanin gari. Wata rana muna shan shayi a ofishinsa, ya ga tsofaffin tikitocina a cikin fasfo, ya ce, "Kai ɗan'uwa, duk wannan zirga-zirgar da kake yi, ina makinka?"

Na ce, "Wane maki? Jarrabawa nake yi?"

Ya yi dariya har ya ƙware. Sannan ya zaro katin roba guda biyu daga aljihu. Ɗaya na kamfanin jirgin da muke hawa ne: duk tafiyar da ka yi za a rubuta maka maki gwargwadon nisanta. Ɗayan na wani banki ne a Hong Kong, irin katin da kake sayen abu da shi ka biya ƙarshen wata, kuma an haɗa shi da na jirgin. Duk abin da ka saya da shi, makinka ya ƙaru. In sun taru da yawa, sai a ba ka tikiti kyauta.

Na ce, "Kuɗin ruwa fa?"

Ya ce, "In ka biya kafin wata ya cika, ba ruwanka da ruwa."

To daga ranar na zama abin da na zama. Shi ya raka ni muka yi duk abin da ake yi har katunan suka fito. Na koma bin hanyar da ta fi kowace tsawo, in kwana biyu a kan bencin filin jirgi, don kawai nisan ya ƙaru. In mun sauka otal a Hong Kong da 'yan gida, sai in ce kowa ya ba ni kuɗin ɗakinsa a hannu, ni in biya da kati. Har a ɗan shagon taliyar Musulmin China da muke cin abincin rana na taɓa miƙa katin. Mai shagon ya juya shi gaba da baya, ya miƙo min, ya ce, "Meyo," wato babu. Abokaina suka sa min suna Alhaji Mai Maki, ni kuwa ina amsawa.

Abin da ban gaya wa kowa ba sai abokina shi ne, ba don kaina nake tarawa ba. Mahaifina gyaran keken ɗinki ya yi duk rayuwarsa, a wani lungu kusa da Kantin Kwari. Yawancin kekunan da ake kawo masa 'yan China ne, baƙaƙen nan masu zanen ruwan zinariya. Tun ina yaro nake jin yana cewa, in ya kwance guda ya baje a kan tabarma, "Mutanen da suka ƙera wannan, ina son in ga hannunsu." Ban da aikin Hajji, bai taɓa fita ƙasar nan ba. Na taɓa ce masa zan saya masa tikiti ya biyo ni, ya haɗa rai, ya ce ba zai ci jarina don yawon buɗe ido ba, kar in ƙara tayar da maganar. Na san halinsa. Amma in kyauta ce, ba shi da abin cewa.

Ana cikin haka, wata rana na iso Guangzhou, abokina ya tare ni tun ban ajiye jaka ba. Ya ce kamfanin jirgin ya sauya ƙa'ida. Tsofaffin maki duk za su mutu ƙarshen shekara, kuma ba a ƙara ba wa kowa kyautar tikiti sai mai katin, ko matarsa, ko ɗansa, ko iyayensa. Na duba, makina ya kai. Na ce, "Ai shi ke nan, ubana ne."

Washegari na sa kaftanina mai kyau, na ɗauki kwafin fasfon Baba, wanda na lallaɓa shi ya yi tun tuni, na tafi ofishin kamfanin a ƙasan wani babban otal. Wata mata ce a teburin, mai gilashi, tana jin Turanci daidai gwargwado. Ta ajiye fasfona, ta ajiye kwafin na Baba, ta bi su da yatsa. Ta ɗago ta dube ni, ta sake dubawa, ta girgiza kai.

"Meyo. Sunan ƙarshe ba ɗaya ba ne. Wannan ba mahaifinka ba ne."

Gaskiyarta kuma, ba ɗaya ba ne. Ranar da aka kai ni firamare, masu irin sunana sun yi yawa a ajin, sai hedimasta ya manna min sunan unguwarmu, shi na tafi da shi har fasfo. Baba kuwa sunan mahaifinsa yake amfani da shi. Na yi ta yi mata bayani da Turanci da hannu. A wurinsu sunan gida abu ne da ake gada tun kakanni, ta kasa gane yadda malamin makaranta zai raɗa wa ɗan wani sunan unguwa, uban kuma ya yi shiru.

Da na rasa abin yi sai na zaro hoton ranar aurena daga walat, ni da Baba a tsaye. Ta karɓa, ta dube shi, ta dube ni, sai ta toshe baki tana dariya. Ta kira shugaban ofishin, wanda suke ce wa lawban, ta nuna masa kunnen Baba a hoton, ta nuna nawa. Mu gidanmu Allah Ya yi mana kunnuwa, ba a ɓoye suke ba. Shi ma ya murmusa, ya ce shi kam ya yarda, amma ƙa'ida ba ta san kunne ba. Ya ce dole sai na kawo takarda mai hatimin hukuma cewa wannan mutum shi ya haife ni. Zai riƙe min kujera, amma in shekara ta ƙare ba abin da zai iya yi.

Daga nan shagon waya na nufa a Dengfeng. A lokacin gidanmu ba waya, ta maƙwabcinmu ake kira, ya aika a kira mutum. Da Baba ya zo na gaishe shi, na yi masa albishir, sannan na sassauta murya na ce akwai ɗan abu guda: sai ya je kotu ya yi takardar rantsuwa.

"Rantsuwar me?"

"Cewa kai ne mahaifina, Baba."



"Wato ni zan je gaban alƙali, da furfurata, in rantse ni na haife ka? Wa ya ce ba ni ba ne?"

"Ba wanda ya ce, Baba, ƙa'idar kamfani ce..."

"To ka gaya wa kamfanin su riƙe jirginsu."

Ya ajiye. Na fito daga shagon na tsaya a bakin titi, kekuna na wuce ni ta ko'ina, na rasa inda zan nufa. Ba makin ne ya dame ni ba. Na san in wannan ta wuce, ba zai taɓa zuwa ba.

Abokina ne ya ce, "Kai ma da gangan. Wa ke zuwa wurin tsoho kai tsaye? Kira tsohuwa."

Haka aka yi. Ƙanina ne ya ba ni labarin yadda ta kaya daga baya. Ya ce mahaifiyarmu ta bari sai da Baba ya ci abinci, sannan ta ce, "Malam, ni ce ya kamata in ji haushi. Ni na sha wahalar naƙuda, ba wanda ya nemi rantsuwata. Kai da aka nema, je ka yi abinka, ai ba ƙarya za ka yi ba." Da safe Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ce wa ƙanina, "Taso ka raka ni, in je in karɓi ɗana a hannun hukuma."

Takardar ta iso ofishin abokina ta na'urar faks, hatimin ya fito baƙi ƙirin kamar an taka kwalta. Matar nan mai gilashi ta ɗaga ta a haske, ta gyaɗa kai, ta buga tikitin. Wata masana'antar da nake hulɗa da ita ta ba da takardar gayyata, biza ta fito.

Da sanyi-sanyin ƙarshen shekara Baba ya iso. Na je Hong Kong na tarye shi, muka hawo jirgin ƙasa. Na shirya masa abubuwa iri-iri: dogayen benaye, yawo a bakin kogi, tsohon masallacin garin, da wata masana'antar keken ɗinki da abokina ya samo mana izinin shiga. Masallacin ya ji daɗinsa ƙwarai. A masana'antar kuwa ya tsaya yana kallon kekuna na wucewa a jere, kowane ma'aikaci na ɗaura abu guda ya tura gaba. Ya ce, "Allah Ya yi wa mutanen nan baiwa." Amma na ga kamar ba abin da ya zo nema ke nan ba.

Wata safiya na dawo daga kasuwa ban same shi a ɗaki ba. Hankalina ya tashi. Mutum ba ya jin ko kalma ɗaya ta yaren garin, adireshi ma bai riƙe ba. Ni da abokina muka bazama cikin lungunan bayan Dengfeng muna tambaya, muna kwatanta doguwar riga da hula da hannu. Wata mai sayar da lemo ce ta nuna mana wata 'yar kwana.

Can muka same shi a kan wata 'yar gajeruwar kujera, ya naɗe hannun riga, kan keken ɗinki a cinyarsa. Kusa da shi wani tsoho ne ɗan China mai gyaran kekunan hawa da na ɗinki, ya riƙe masa tocila. Baba na cewa da Hausa, "A'a, ba nan ba, ɗaga ta sama kaɗan," tsohon na amsawa da yarensa, kuma yana ɗagawa. Ga shayi an zuba musu a 'yan ƙananan kofuna.

Na ce, "Baba, ka tayar mana da hankali."

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Je ka kasuwarka, muna aiki."

Sauran kwanakin ziyararsa duk a lungun nan ya yi su. Ya yi asuba, ya karya, ya tafi. In azahar ta yi, tsohon da kansa yake janye kekuna ya share wuri, Baba ya shimfiɗa darduma. Na taɓa yi masa ƙorafi na ce na sha kwanan filin jirgi don ya zo ya ga China, ya zo ya zauna a lungu. Ya ce, "To wannan ɗin ina ne? Kano ce?"

Ranar da zai tafi ya cire hularsa ya ɗora wa tsohon a ka. Tsohon ya shiga cikin shagon ya daɗe yana bincike, ya fito da wata sukudireba mai ƙotar katako da hannu ya cinye, ya miƙa masa da hannu biyu. Suka tsaya suna riƙe da hannun juna, kowa na maganarsa.

Bayan haka duk zuwan da zan yi sai Baba ya ba ni ƙullin goro in kai wa abokinsa. Tsohon ba ya son goro, na gani a fuskarsa, amma kullum sai ya gutsura a gabana ya ɗaga babban yatsa. Wata shekara na zo na tarar an rushe lungun, ana ginin bene a wurin, ba wanda ya san inda ya koma. Na mayar wa Baba da goronsa. Ya karɓa, ya daɗe yana juya ƙullin, ya ce, "Allah Ya sa inda ya koma akwai masu kawo masa gyara."

Baba ya rasu da daɗewa, Allah Ya jiƙansa. Abokina ya koma Kumasi, mukan gaisa a waya lokaci-lokaci. Yanzu ina da katuna kala-kala, har da wanda ke shigar da ni ɗakin hutun manya a filin jirgi. Kamfanoni kuma ba su daina sauya ƙa'ida ba, makina ya sha mutuwa ban ma sani ba, kuma ban taɓa jin zafin ba. Abin da zan ce wa masu tarawa kawai shi ne, in akwai wanda kuke tarawa dominsa, kar ku tsaya jira. Kamfani ya gaya min ranar da makina zai ƙare, shi ya sa na yi sauri. Da ba su matsa min ba, da wataƙila ina nan ina ƙara tarawa har lokaci ya ƙure.

Har yau in ina sauri a filin jirgi na ga wani tsoho yana tafe a hankali, ɗansa na riƙe masa jaka yana nuna masa hanya, sai in rage tafiya in bi bayansu har ƙofa.