Gaisuwar da Attahiru Ya Yi a Layin Burodi

Attahiru Tamba mutumin Argungu ne, malamin gona mai ritaya. A 1983 aka tura shi Bulgeriya karatun noman rani, zamanin mulkin kwaminisanci. Da ya dawo, shekara talatin ya yi yana koya wa manoman Augie da Gulma raba ruwa a fadamar shinkafa.

Da ya ajiye aiki sai ya zauna rubuta littafi a kan Mehmed, abokin ɗakinsa a birnin Plovdiv. A lokacin hukuma ta tilasta wa Musulmin ƙasar sauya suna, Mehmed ya koma Milko. Wata Talata aka tafi da shi, ba a sake ganinsa ba. Tambayar littafin ɗaya ce: wa ya jawo masa?

Babi goma sha ɗaya suka tafi sumul. Na ƙarshe kuwa sau huɗu yana sake shi, kowane karo da mai laifi daban. A na huɗun ya ɗora wa mai gadin makaranta.

Matarsa Ɗayyaba, tsohuwar malamar firamare, ta karanta ta ajiye takardun kan tabarma.

"Malam, mai gadin ga bai yi komi ba. Ƙazafi ka yi mashi."

"Ƙagaggen labari ne, Hajiya."

"Awo, ƙage kam na gani. Mi ya faru ran Litinin, ana gobe za a tafi da Mehmed? Ka tsallake ta kamar kududdufi."

Ya faɗa mata. Ran Litinin ɗin ya dawo daga aikin gona na sati biyu, ya hango abokinsa a layin burodi. Ya san da dokar hana kiran tsohon suna, amma Bakabe irinsa ba ya wuce nasa shiru. Ya ɗaga murya ya yi sallama, ya kira shi Mehmed, ya riƙe hannunsa yana tambayar gida, da gajiya, da tsohuwa, da sanyi. Mehmed na ƙoƙarin zare hannu, shi kuwa ya ɗauka kunya ce. Ɗan sanda na tsaye taku biyar daga gare su.

"To, rubuta hakan."

"Jikokina za su karanta fa."

"Su karanta. Ƙarya kake so su gada?"

Kwana uku bai taɓa takardun ba. Ran na huɗu ya shiga mota zuwa Birnin Kebbi, ya gaya wa mai buga littafin ya dakata. Ya dawo ya yage babin mai gadi, ya buɗe sabon shafi. A gurbin mai laifi ya fara da nasa sunan na yanka, da na mahaifinsa.