Rubutu a Kan Hannun Mma

Suweiba ta ƙarar da ƙuruciyarta a hidimar iyayen wasu. Daga zongon Kumasi ta zo New York, ta sauka a unguwar Park Hill. Kullum sai ta hau bas, ta tsallaka a jirgin ruwa, ta je wanke tsofaffin da 'ya'yansu ba su da lokaci. Tata uwar, Mma, ta rasu a gida, rashin takardun zama ya hana ta zuwa jana'iza. Abin da ya rage mata bidiyo ɗaya ne: Mma a kan tabarma, ta ɗaga hannu tana sa mata albarka. Wayar da aka turo shi a ciki ta daɗe da mutuwa, sai kwafin da ke tsohuwar kwamfutarta.

Kwamfutar tana da wani aibi. A ƙasan allo, gefen dama, ɗan rubutu ne dishi-dishi yana cewa ba a kunna lasisi ba. Kuma don neman magana, daidai kan hannun Mma yake zama. Abin yana ci mata rai.

Maƙwabcinta Kwame, direban tasi, bai taɓa cewa "ban sani ba" a rayuwarsa ba. Ya turo mata wani gajeren link, wato adireshin intanet, ya bi da bayani da Hausarsa ta zongo wadda ba ta raba mace da namiji: "Sista, ka kwafe abin da ke ciki, ka manna, ka danna. Free ne."

Kwamfutar ta yi gargaɗi, Kwame ya ce ta kashe gargaɗin, ta kashe. Rubutun kuwa ya ɓace. Ta ga hannun Mma fes, har da zoben azurfar da ta manta da shi. Ranar ta yi kukan daɗi.

Ba a jima ba bidiyon ya ƙi buɗuwa, sunansa ya koma haruffa barkatai. Ta kai wa Souley, ɗan Nijar mai gyaran kwamfuta a unguwar Jamaica, nan cikin New York. Ya daɗe yana dubawa.

"Hajiya, gajeren link ba ya nuna inda zai kai mutum. Ta wannan link ɗin ɓarawo ya shigo miki, ya kulle komai."

"Bidiyo ɗaya kawai nake so."

Souley ya sunkuyar da kai. Ya ce abin da zai iya shi ne ya goge komai, kwamfutar ta dawo sabuwa. Ta ƙi, ta rungumo abarta ta koma gida.

Har yau in ta taso daga aiki takan buɗe ta. Allon tas, ba rubutu a kusurwar. Wurin take zuba wa ido, daidai inda Mma take ɗaga hannu a da.