Juma'ar da Muka Ɗauka An Rufe Majalisa

Ƙanena yana cikin 'yan sa-kai masu gadin ƙauyenmu, da bindiga ƙirar gida da ya gada wajen kawunmu mafarauci. Idan jami'an tsaro suka gan shi da ita, za su kama shi. Idan ya ajiye ta, 'yan bindiga su same shi hannu banza. Ni kuma ina garin Al Wakrah a ƙasar Larabawa, inda maigidana ke tuƙin motar kamfani, ba abin da nake iyawa sai addu'a da duba waya.

A shekarar aka kai ƙudirin doka majalisar jiharmu, wanda zai yi wa masu gadin rajista, ya ba su izinin riƙe bindigar farauta. Amma wa'adin 'yan majalisar ya zo ƙarshe. Aka ce duk ƙudirin da ba a zartar ba kafin makon nan ya ƙare ya mutu, sai sababbi sun zo a faro daga tushe. Yaushe? Damina ta kusa, kuma da gero ya yi tsawo ake fara ɗauke mutane a gona.

'Yan garinmu da ke unguwar Najma a nan ƙasar, masu gadi da direbobi, suka shirya kowa ya yi ta kiran ɗan majalisarmu har ya miƙe ya yi magana. Sai aiki ya riƙe su, wayoyinsu na kulle a akwatin wajen aiki. Ranar Alhamis da la'asar maigida ya shigo ya zube a kujera.

"Khalas, shi ke nan, mako ya ƙare. Sai haƙuri."

Shinkafar da na ɗora ta kama, ban ma ji ƙauri ba.

Washegari da hantsi na kira Inna. Muna gaisawa na ji hayaniya a bayanta, har da ƙararrawa.

"Inna, yaran wa ke ihu haka?"

"'Yan makaranta mana, sun makara suna gudu."

"Yau Juma'a fa."

"To Juma'ar fa? Ke 'yar nan, zaman Larabawa ya juya miki kai? Yaushe aka taɓa hutun boko ran Juma'a?"

Mun daɗe a inda mako ke ƙarewa ranar Alhamis har mun manta a gida Juma'a ranar aiki ce. Maigida na fesa turare zai tafi masallaci, na riƙe hannun rigarsa.

"Baban yara, majalisa na zama yau! In kun sallame, can ko azahar ba ta yi ba."

Ya tsaya yana kallona, sai ya fita da gudu da takalmin wanka.

A harabar masallaci shi da 'yan garinmu suka yi ta kiran ɗan majalisar, wannan ya ajiye wancan ya ɗauka. Ni ma na kira. Wani ya ɗauka, na ce ina da ƙane, sai kuka ya ci ƙarfina. Ban sani ba ko kiranmu ya yi wani tasiri, amma kafin majalisa ta tashi aka zartar da ƙudirin.

Bayan gwamna ya sa wa dokar hannu, ƙanena ya turo mini hotonsa da kaki, bindiga a kafaɗa, yana dariya.

"Yaya, yanzu ba mai kama ni."

Na yi hamdala. Na ƙara girman hoton, na ga yadda wuyansa ya rame, na ga sabuwar rigar da za a hango daga nesa. Tun ranar, ko ina tsakiyar salla waya ta yi ƙara, sai na rasa raka'a nawa na yi.