Yashin Ƙofar Gidanmu

Mijina bai taɓa ɗauke ko kofin da ya sha ruwa ba, saboda haka ranar da na gan shi riƙe da tsintsiya a ƙofar gidanmu na Yelwa, na tsaya ina kallonsa da mamaki. Yashi ya sa aka kwaso masa daga bakin ruwa, ya baza a bakin zaure, wai saboda taɓon damina. Kullum kafin ya tafi sarin kifi sai ya share shi sumul. Ban yarda ba. Mutumin da gishirin miyata bai taɓa yi masa daidai ba, dariyata ta cika ƙara, tafiyata ta cika sauri, ba zai wayi gari haka kawai yana taya ni shara ba.

A lokacin ƙafafun Inna, mahaifiyata, sun fara kumbura. Tun rasuwar Baba ita kaɗai take zaune a can gangaren kasuwa. Mijina ya ce ba zan riƙa zuwa ba sai ranar da ya ga dama, kuma ba kasafai yake ganin damar ba. Sai na koma satar hanya. Yana fita in zari mayafi, in je in dama mata kunu, in matsa mata ƙafa, in dawo kafin la'asar.

Amma duk ranar da na je sai ya sani. Kafin ya zauna zai ce, "Yau ma kin hita ke nan." Na zargi maƙwabciyata har na rage gaishe ta. Na zargi mai kawo mana ruwa. Wayata ma na daina fita da ita, ko ya sa mata wani abu. Sai wata rana na leƙo ta zaure na gan shi tsugune a ƙofa, yana duban ƙasa kafin ya yi sallama. Ashe yashin ne ɗan rahoton.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Zama da shi ya koya mini cewa "to" da baki, in yi abin da zan yi da hannu. Bahago ne, sharar tasa daga dama take zuwa hagu, don haka na koyi shara da hagu. In na dawo daga wurin Inna sai in shiga da baya ina goge sawuna, kamar ɓarauniya a gidan aurena. Ya yi ta tsuguno bai ga komai ba, sai ya huce a kan tuwo, wai ya yi ruwa.

Ana nan zazzaɓi ya kwantar da ni, na kwana biyu ban je ba. Da hantsi sai ga sallamar Inna. Ɗan kabu-kabu ne ya sauke ta, ta shigo tana dafa bango. Takalmin robar Baba ne a ƙafarta, don nata sun daina shiga.

"Na ji shiru, ɗiyata," in ji ta, "nic ce bari in taho in gani da idona."

Bayan ta tafi na ɗauko tsintsiya yadda na saba. Ga sawunta nan a yashi, manya, na hagun yana jan ƙasa. Da wannan ƙafar ta taso don ta ga ko ina da rai, ni kuma ga ni tsaye zan goge shaidar kamar wani abin kunya. Kuka ya zo mini, haushi ya biyo baya. Na jingine tsintsiyar.

Da ya dawo ko tsugunawa bai yi ba. "Wane ƙato na yash shigo min gida?"

"Taho in gwada maka shi," na ce.

Ban taɓa wucewa gabansa a hanya ba sai ranar. Muka ratsa ta masu bandar kifi, yana biye da ni yana huci, har ɗakin Inna. Tana zaune a tabarma, takalman suna gefenta. Ya dube su, ya dubi ƙafafunta, ya durƙusa ya gaishe ta. Na zaci ko sau ɗaya zan ji ya ce ya yi kuskure. Muna fitowa ya ce, "Kin bar uwarki tana yawo da takalmin maza, ko kunya ba ki ji."

A nan na daina jira. Na gane ko me na yi akwai laifin da aka tanadar mini, to gara in ɗauki wanda zai kai ni wurin Inna.

Washegari ya share yashinsa, har da sawunta. Bai kai ƙarshen layi ba na fito, na bi ta tsakiyar yashin ina taka ƙasa da ƙarfi. Haka na riƙa yi kullum, yana faɗa ina cewa "to", har Allah ya karɓi ran Inna a ƙarshen daminar.

Yanzu ya daina shara, kuma ban yarda da wannan ɗin ma ba. Takalman kuwa na ɗauko su, suna bakin zaure. Ya ce in kawar da su, sun ɓata masa ƙofa. Na ce to. Suna nan.